Ƙaramin turmi da 'yan kunnen zoɓo: aikin yumɓun roba da rezin a Kaduna

Abin da nake cika lokacin hutuna da shi, da yamma bayan an tashi daga aiki da kuma ranakun ƙarshen mako, shi ne ƙera 'yan kunne da sarƙoƙi da ƙananan kayan gida ta hanyar amfani da yumɓun roba da rezin, wani ruwa garai-garai da ke daskarewa ya yi kama da gilashi. Duka kayan biyu daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma yawancin masu koyar da aikin a YouTube da Instagram suna zaune ne a wuraren da yanayinsu da abincinsu da adonsu suka bambanta da namu. Saboda haka duk wadda ta ɗauki wannan aiki a Kaduna sai ta koyi abu biyu a lokaci guda: yadda kayan suke sauya hali a hunturu da bazara da damina, da kuma yadda za ta sa su fito da siffofin gidanmu maimakon ta ƙare a kwaikwayon abin da ta gani a waya. Na biyun ya fi muhimmanci a wurina, amma ba ya samuwa sai an ƙware a na farko.

Yumɓun roba ba daga ƙasa ake haƙo shi ba. Garin roba ne nau'in PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka gauraya da wani mai da ke sa shi laushi, sannan aka zuba masa launi. Tun da babu ruwa a cikinsa, ba ya bushewa don an bar shi a buɗe, kuma mai aiki tana iya ajiye abin da ta fara ta koma masa bayan mako guda ta tarar da shi yadda ta bar shi. Zafi ne kaɗai yake ƙarfafa shi. Asalinsa daga Jamus ne, inda Sophie, 'yar shahararriyar mai ƙera 'yar tsana Käthe Kruse, ta fara gwada shi wajen 1939, daga baya kamfanin Eberhard Faber ya sayi haƙƙinsa a 1964 ya fitar da shi da sunan Fimo. A Amurka kuma akwai Sculpey. Yawancin wanda ke zuwa hannunmu a nan ta intanet ake yin odarsa daga Legas ko Abuja, wani kuma ba shi da ko suna a jikin ledarsa, don haka nake ba da shawara a gasa ɗan guntu a gwada kafin a zuba wahala a kan babban aiki.

Matakin farko shi ne murzawa. Sai an yi ta murza shi a tafin hannu, ana naɗewa ana miƙewa kamar kwaɓin cincin, har ya kai inda za a lanƙwasa shi bai tsage a baki ba. Wadda ta tsallake wannan mataki za ta ga aikinta yana tsattsagewa bayan gashi. Shi kuwa gashin, a nan ne yawancin masu farawa suke asarar aikinsu. Fimo yana buƙatar zafin digiri 110 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, wasu nau'o'in Sculpey kuma kimanin digiri 130 zuwa 135, kuma ana ƙara lokaci gwargwadon kaurin abin da aka ƙera. Idan zafin bai kai ba, abin zai fito da kyau a ido amma ya karye da zarar an matsa shi. Idan kuma ya haura sosai, wajen digiri 175 zuwa sama, sai ya ƙone ya fitar da hayaƙi mai cutar da ido da maƙogwaro. Abin da ya gasu daidai, idan siriri ne, yana ɗan lanƙwasuwa ya koma yadda yake ba tare da ya karye ba.

Lambobin da ke jikin ƙananan obin na lantarki ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ma'aunin zafi na cikin obin ya zama kayan aikin da nake ganin ya fi cancanta a fara saya. Sannan ga matsalar ɗauke wuta a tsakiyar gashi, wadda kowa a garin nan ya sani. Abin farin ciki shi ne yumɓun yana karɓar gashi fiye da sau ɗaya, saboda haka idan wuta ta tafi sai a jira ta dawo a sake daga farko. Wadda ba ta da obin tana iya bin dabarar masu gasa kek a gida, ta zuba yashi a gindin tukunya mai kauri, ta ɗora ƙaramin faranti a kai, ta rufe, ta rage wutar gas ƙasa sosai, da sharaɗin ma'aunin zafi yana ciki kuma ta jira zafin ya tsaya a wuri ɗaya kafin ta sa aikin. Wannan tukunya kuma ta bar zama ta girki daga ranar.

Yanayin Kaduna yana shiga cikin aikin ta kowace fuska. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan sauka a kan komai, kuma ɗanyen yumɓu yana kama ƙura da zaren tufafi, musamman fari da ruwan ɗorawa. A wannan lokaci nakan rufe taga, in goge tayil ɗin da nake aiki a kai da ɗanyen ƙyalle, in fara da launuka masu haske kafin in taɓa ja ko baƙi, sannan in kifa kwano a kan duk abin da na ajiye. A Maris da Afrilu kuwa zafi yana narkar da shi har ya riƙa manne wa yatsa yana ɗaukar zanen tafin hannu. Maganin wannan shi ne a sa shi a firji na ɗan lokaci, ko a shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu biyu ya kwana, takardar ta tsotse wani ɓangare na man da ke cikinsa.

Ɓangaren da ya fi kama zuciyata shi ne ƙera ƙananan kayan gida. Ma'aunin da masu wannan aiki suka fi bi a duniya shi ne ɗaya bisa 12, wato kowane santimita 12 na ainihin abu ya koma santimita ɗaya. Farantin da faɗinsa ya kai santimita 30 zai koma biyu da rabi, turmin da tsayinsa ya kai 60 kuma ya koma 5. Riƙe ma'auni ɗaya shi ne yake sa idan an jera turmi da taɓarya da tukunya da murhu su zama kamar na tsakar gida ɗaya. Amma lissafin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke da wuya shi ne kallo. Mutum yakan yi shekara da shekaru yana wucewa ta gaban turmi bai taɓa lura da inda ƙugunsa ya tsuke ba, ko yadda bakinsa ya yi santsi ya yi duhu saboda hannu da daka, alhali gindinsa ya yi fari-fari da ƙasa. Sai ranar da aka zauna ƙera shi a tsawon ɗan yatsa ake gane cewa ba a san shi ba, dole a tashi a je a tsuguna a gabansa.

Haka tandar masa take. Ramukanta ba su da zurfi ɗaya, na tsakiya sun fi baƙi saboda nan wuta ta fi bugu, kuma mai yakan bar sheƙi a bakin kowane rami. Ita masar kanta ba launi ɗaya gare ta ba: gefenta fari ne mai ɗan ratsin rawaya, bayanta ya yi ja inda ya taɓa tanda, sannan tana da 'yan ƙofofi inda kumfar ƙullu ta fashe. Don fito da wannan, nakan haɗa farin yumɓu da nau'in nan mai ɗan shigar haske, domin farin zalla yana fitowa a mace, ba ya kama da abinci. Launin gashin kuma da allin zane mai launi nake yin sa, in kankare shi da reza ya zama gari, in shafa da busasshen burushi kafin a sa a obin, ina farawa da rawaya, sai ruwan ƙasa, sai ɗan ja a inda ya fi soyuwa. Tsohon burushin goge baki da allura da dunƙulallen foyil su ne suke ba da kaushin jiki.

Kowane abinci da tasa dabarar. Malmalar tuwon shinkafa tana son a bar mata 'yan ƙwayoyin da ba su tuƙu ba, in ba haka ba sai ta yi kama da tuwon semo. Miyar kuka kore ce mai duhu wadda haske ba ya ratsa ta, don haka nau'in yumɓun roba mai ruwa-ruwa da aka rina ya fi dacewa da ita, alhali miyar da aka yi da manja tana son rezin mai launin ja da lemo, a bar man ya taru a gefen kwano yadda yake yi a zahiri. Kilishi sai an murza yumɓun ya yi siriri har haske ya ratsa, a yayyaga bakinsa, a barbaɗa garin alli ja. Goro yana buƙatar tsagar nan da ke raba shi biyu, da bambancin fari da ja. Albasa da lemon tsami kuwa da wata dabara ake yin su, wadda ake jera launuka a naɗe su zama sanda mai kauri, a yi ta murza sandar tana tsawo tana sirancewa, zanen da ke cikinta yana ƙanƙancewa ba tare da ya ɓaci ba, daga nan a yanka da reza. Dabarar ta samo asali ne daga masu aikin gilashi, kuma da ita aka yi duwatsun wuyan Benis na Italiya masu zanen furanni, waɗanda fatake suka daɗe suna shigowa da su Afirka ta Yamma.

Ni ban ƙera mutum ko dabba, saboda abin da malamanmu suka karantar game da surar abu mai rai, kuma ban taɓa jin na rasa abin ƙerawa ba, domin ɗakin girki ɗaya na Bahaushiya ya ishi mutum aikin shekaru: tulu, randa, kasko, akushi, ƙwarya da ludayi, faifai, muciya, maburgi, rariya. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne cewa waɗannan kaya suna kama da abinci sosai, kuma girmansu daidai yake da maƙogwaron yaro. Wurinsu cikin akwatin gilashi ne ko kan kanta mai tsawo, ba hannun ƙananan yara ba.

Rezin wani hali gare shi daban. Nau'i biyu ne suka fi yawa a hannun masu wannan aiki. Na farko shi ne efoksi, wanda ke zuwa a kwalba biyu, ɗaya ruwan rezin ɗaya mai daskarar da shi, kuma sai an haɗa su ne suke fara ɗumi su daskare cikin awa 24 zuwa 72. Wani ana haɗa shi kashi ɗaya da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani da awon cika wani da awon nauyi, kuma dole a bi abin da aka rubuta a kwalbar. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan wuri kimar ido ba ta wadatarwa, domin ɗan kuskure a awo yana barin aikin da danƙo har abada, kuma ƙara mai daskararwar ba ya sa shi saurin ƙarfi. Sirinji ko ƙaramin sikeli ne mafita. Nau'i na biyu kwalba ɗaya ce, yana daskarewa cikin 'yan mintuna a ƙarƙashin fitilar UV irin ta masu gyaran farce, ko ma a hasken rana, wanda ba mu da ƙarancinsa. Sai dai ana zuba shi ne kaɗan-kaɗan, domin hasken ba ya ratsa mai kauri ko wanda aka cika wa launi.

Babban abokin gabar mai aikin rezin kumfa ce. A juya a hankali na tsawon kimanin minti uku, ana kankare gefen kofi da gindinsa, a bar shi ya ɗan huta kafin a zuba a mazubin silikon, sannan a fasa kumfar da ta taso da tsinken sakace. Da sanyin safiyar hunturu rezin yana yin kauri ya riƙe kumfa, saboda haka nakan tsoma kwalaben a ruwan ɗumi, a rufe, kafin in haɗa. Da bazara kuma yana saurin kamawa, sai a haɗa kaɗan. Damina ce ta fi wahala, musamman Agusta, domin danshin iska yana iya sa fuskar efoksi ta yi hazo ko ta yi maiƙo. A irin wannan lokaci na fi karkata ga aikin yumɓu, in jinkirta manyan ayyukan rezin zuwa bayan ɗaukewar ruwa.

Abin da ake binnewa a cikin rezin shi ne yake ba shi daraja, kuma a nan ne kasuwanninmu suka wadata mu. Busasshen zoɓo, idan aka zaɓi siraran ɓawonsa, yana ba da ja mai zurfi wanda babu launin kanti da ya kai shi idan rana ta ratsa. Ganyen zogale ƙanana ne, sun dace da ɗan kunne, kuma ana busar da su a tsakanin shafukan littafi mai nauyi. Kanumfari da riɗi da habbatus sauda duk suna shiga. Jar ƙasar nan tamu, idan aka busar da ita aka tankaɗe, tana zama launi mai kyau. Ƙyallayen atamfa da shadda da teloli ke zubarwa a Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suna zama abin wuya, amma sai an fara shafe su da farin gam an bar su sun bushe, in ba haka ba rezin zai jiƙa su launinsu ya dushe. Ƙa'ida ɗaya ce ta haɗa su duka: duk abin da zai shiga sai ya bushe ƙarau, domin fure mai sauran ruwa yana ruɓewa a ciki ya koma ruwan ƙasa. Ya kamata kuma a gaya wa wadda aka ba kyautar cewa rezin yana yin rawaya idan ya daɗe a rana, don ta riƙa ajiye shi a cikin akwati.

Batun lafiya ba abin wasa ba ne, kuma ina jin takaicin yadda ake nuna aikin a bidiyo da hannu tsirara. Ruwan rezin yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburin fata, kuma idan jiki ya fara ƙin sa, yawanci ba ya dainawa. A sa safar hannu ta roba nau'in naitiril, a yi aiki a inda iska ke ratsawa, a kuma nisanta shi daga ɗakin da yara ke kwana. Idan za a goge aikin da sanfefa, a jiƙa ta da ruwa don kada ƙurar ta tashi, a fara da mai lamba 400 a haura zuwa 1000 ko sama. Wuƙa da muburgi da kofin da suka taɓa waɗannan kaya ba sa komawa ɗakin girki.

Game da zane kuwa, ra'ayina a fili yake. Idan aka duba shafukan masu sayar da 'yan kunnen yumɓu, za a ga siffofi iri ɗaya suna ta maimaituwa daga ƙasa zuwa ƙasa, domin kowa da mayanki iri ɗaya yake aiki. Mu kuwa muna zaune a jihar da aka tono tsoffin mutum-mutumin yumɓu na yankin Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Wanda ya dube su da kyau zai ga an ƙera musu sarƙoƙi jere-jere a wuya da warwaro a hannu da ƙafa, dukkansu na yumɓu. Ziyara ɗaya zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, ko tafiya Zariya don kallon zayyanar bangon fada da tsoffin gidajen cikin birni, tana ba mutum zanen da zai daɗe yana aiki da shi. Dagin Arewa yana zama abin wuya mai kyau idan aka murza yumɓun ya zama siririn zare aka saƙa shi. Askar babbar riga, da zanen da ake ƙonawa a bayan ƙwarya, da launukan faifai, da shuɗin rini mai duhu, duk suna zama a kan ɗan kunne ba tare da an tilasta su ba. Na lura kuma cewa ɗan kunnen da aka yi da irin wannan zane ya fi dacewa da ɗaurin ɗankwali da mayafi.

Ƙarfen da ake haɗa kayan da shi yana buƙatar kulawa daidai da yumɓun. Ƙugiyar ɗan kunne mai arha yawanci tana ɗauke da ƙarfen nikel, wanda ke sa kunnen mata da yawa ƙaiƙayi da ruwa, tagulla kuma tana barin kore a fata idan an yi gumi. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi tsada, amma shi nake amfani da shi. Gam kaɗai ba ya riƙe maƙalin ƙarfe na dogon lokaci, gara a rufe gindinsa da ɗan siririn yumɓu a sake gasawa. Kada kuma a shafa jan farce don neman sheƙi, domin yana narkar da fuskar yumɓun ya koma danƙo bayan wasu watanni. Gogewa da sanfefa mai laushi da ƙyallen jins, ko shafa siririn rezin, sun fi aminci.

Wadda kuɗinta bai kai na kayan waje ba tana iya farawa da abin da ke kusa. Ana haɗa garin sitacin masara da farin gam irin na kafintoci, kashi ɗaya da ɗaya, da ɗan mai da ɗan ruwan lemon tsami, a tuƙa a ƙaramar wuta har ya haɗe, a murza idan ya huce, a ajiye a leda mai rufewa. Wannan kwaɓi iska ce take busar da shi, ba ya buƙatar obin, kuma yana yin furanni da ƙananan kwanuka masu kyau. Yana raguwa idan ya bushe, ba ya jure ruwa sai an shafe shi da banish, kuma da damina yakan daɗe bai bushe ba, amma ya isa a koyi sarrafa hannu da ido da shi.

'Yan uwa da ƙawaye sukan ce in mayar da abin sana'a, musamman lokacin bukukuwa da ake neman kayan rabo. Nakan karɓi aikin 'yan kunne jefi-jefi don kuɗin kaya su fito, amma ƙananan kayan gida ban sa musu farashi, domin tanda ɗaya da masarta tana cin yammaci da dama, kuma idan na fara ƙirga lokaci da kuɗi zan fara rage kallon da nake yi wa abu kafin in ƙera shi. Wanda ke gabana yanzu shi ne teburin mai shayi, da kwalin madara da gwangwanin suga da tulin burodi da kaskon ƙwai, kuma abin da ya rage shi ne butar, wadda zan gasa sau biyu, jikin daban hannun daban, don kada hannun ya lanƙwashe a cikin zafi.